Shanu marasa tozo a duwatsun Birnin Kudu

Yawancin masu bin hanyar Kano zuwa Ningi da Bauchi sanin shanu suka yi wa Birnin Kudu. Mota za ta tsaya, a yi salla, a sayi tsire ko rake, direba ya danna hon a ƙara gaba. Ni kuwa takanas na nufi garin, saboda duwatsun da ke gefensa, inda mutanen dā suka bar zane a jikin dutse.

Ranar Juma'a na shiga mota a Mariri, da kaka, an gama yankan gero, sanyi ya fara leƙowa. A Wudil muka sha jira, domin ranar ce kasuwar shanu take ci. Tireloli sun yi layi a bakin Kara, 'yan kamasho suna ta ɗaga murya, ga farare Bunaji, ga jajayen Rahaji masu dogon ƙaho, ga Bokoloji masu laɓɓa har ƙirji, kowanne da tozonsa yana rangaji. Da muka haye gada muka bar hanyar Gaya, muka bi ta Darki da Takai da Kachako. Daga Kwanar Huguma, inda hanyar Dutse ta rabu, ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗun gonakin Kano suka ja baya, manyan duwatsu suka fara ɓullowa a tsakiyar karan dawa, wasu a ɗore kan wasu, kuka da tsamiya da ɗorawa suna tsaye a tsakaninsu.

Garin a kudancin Jihar Jigawa yake, cikin masarautar Dutse. Kafin a ƙirƙiri jihar ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙasar Kano ce, kuma hakiminsa Sarkin Kudu yana cikin manyan hakiman da ke tsare wa Kano wannan kusurwa. Tsaron ba na wasa ba ne. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, Ningawa sun riƙa saukowa daga duwatsunsu suna kai hari kudancin masarautar, kuma garuruwan wannan yanki su ne a bakin daga. A zamaninmu kuma an san garin da Kwalejin Gwamnati, wadda Aliko Dangote yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta, da babban asibitin tarayya da marasa lafiya ke zuwa har daga Jihar Bauchi. Gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan garin ne, kuma Bamaina, mahaifar Sule Lamido, a ƙaramar hukumar take.

Bayan an sauko daga masallaci na nemi wanda zai raka ni. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da ɗan ofishi a garin saboda zanen, kuma ya kamata baƙo ya fara sallama a can kafin ya hau dutse. Wani dattijo ne, haifaffen garin, ya shige mini gaba da sandarsa, tare da wani saurayi ɗan makaranta da ya ce shi ma bai taɓa hawa ba.

Sunaye uku aka fi ambata: Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Ba koguna ne masu zurfi ba. Wani ƙaton dutse ne yake kifuwa a kan wani, ya bar rumfa a ƙarƙashinsa inda ruwan sama ba ya bugu, rana ma ba ta daɗewa. A irin wannan inuwa aka yi zanen, shi ya sa ya kawo yau.

Da farko ban ga komai ba sai jan tabo a jikin dutse. Dattijon ya ce, "Malam, matso nan, ka ɗan rusuna, ka bar idonka ya huta." Na durƙusa. A hankali ƙafafu suka fito, sai ciki, sai wuya, sai ƙaho biyu dogaye da suka buɗe sama. Saniya ce, da jan launi irin na jar ƙasa, a gefenta ga wata, can sama ga wata da ta kusa shafewa. Wasu an cike jikinsu da launi gaba ɗaya, wasu layin jikin kawai aka ja. Akwai masu dogon ƙaho, akwai masu gajere. Wanda ya yi wannan aiki ya san saniya, ya san yadda take tsayuwa da yadda take miƙa wuya.

"To, duba gadon bayanta," in ji shi. "Me ka gani?"

Na ce, "Baba, ai babu tozo."

Ya gyaɗa kai. Bayan a miƙe yake tun daga wuya har gindin wutsiya. Duk shanun da na baro a Wudil da safe, babu ko ɗaya mai wannan siffa. Masu binciken tarihin dabbobi sun yarda cewa shanu marasa tozo ne suka riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma. Ragowarsu su ne irin Muturu, ƙananan shanun da ake samu a kudancin Najeriya, masu jure ciwon sammore da ƙudan tsando ke kawowa. Ke nan akwai lokacin da makiyayin wannan ƙasa yake kora wani garke dabam da wanda muka sani, ya ƙaunace shi har ya zauna ya zana shi. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mun saba fara tarihinmu daga sarakuna da yaƙe-yaƙe, alhali ga shaidar talakan da ya yi kiwo a nan, ba shi da suna a kowane jerin sarauta, amma aikin hannunsa yana nan.

Bature Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya bayyana wa duniyar masana waɗannan wurare a tsakiyar shekarun 1950, daga baya gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Wasu kan ce shi ya gano su. Ban yarda da wannan magana ba, domin mutanen gari sun san duwatsunsu, sun raɗa musu suna, suna hawa suna sauka tun kafin a haifi kakansa.

Hujjar hakan tana kusa da zanen. Dattijon ya ɗauki wani ɗan dutse mai cika hannu, ya nufi wani falalen da ya ɗan ɗago daga ƙasa. Gefen falalen duk ƙananan ramuka ne, sun yi sumul saboda yawan bugu. Ya buga ɗaya, sai ƙara ta tashi, tsaf irin ta kuge, ta ratsa tsakanin duwatsu. Ya buga na kusa da shi, murya ta sauka ƙasa. Ya haɗa uku ya fitar da kiɗa, saurayin nan ya buɗe baki yana kallo. Ramukan ba aikin shekara goma ko ashirin ba ne, hannuwa da yawa ne suka cinye dutsen haka. Ya ce da tasowarsu, idan an yi biki, amarya da ƙawayenta sukan hau nan su wuni suna buga dutsen suna waƙa, kafin a kai ta ɗakin miji. Yanzu an bari, sai yara masu kiwon awaki ke bugawa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne rubutun gawayi da alli da na gani a wasu duwatsun, wani ya sa sunansa, wani ya sa na budurwarsa. Daga nesa kuma ana jin gudumar masu fasa dutse. Ban ga laifin mai neman abinci ba, amma dutsen da aka mayar tsakuwa ba ya dawowa, kuma gari yana ta matsowa. Saurayin da ke tare da mu ya buɗe ledar ruwansa zai watsa wa zanen don launin ya fito a hoto, dattijon ya riƙe masa hannu.

"A'a, ɗana. Ruwa ne yake cinye shi. Ka dawo da hantsi, haske zai nuna maka shi ba sai ka jiƙa ba."

Muka sauko dab da magariba, na ci tuwon dawa da miyar kuka a bakin tasha, na kwana a garin. Da safe kafin in nemi motar Kano na sake hawa Dutsen Mesa, na tarar saurayin ya riga ni, ya zo da abokansa na makaranta yana nuna musu inda za su durƙusa.