Hukuncin 1967 da na Gina Babi Guda a Kansa

Kundin bincikena na digiri na biyu a fannin shari'a ya shafi irin kariyar da tsarin mulkin Indiya ya ba makarantun tsiraru, kuma a cikin babi biyar da na rubuta, na huɗu ne na fi alfahari da shi. Shi ne kuma ya kunyata ni a gaban kwamitin jarrabawa a farkon shekarar 2025, kunyar da har yau idan na tuna ta sai in ji zufa ta karyo mini.

Sassan tsarin mulkin da suka shafi 'yancin addini ba su ba ni wahala ba. Sashe na 25 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi, na 26 ya ba kowace ƙungiyar addini ikon tafiyar da al'amuranta, na 28 kuma ya hana koyar da addini a makarantar da gwamnati ce kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 30, wanda ya ce tsiraru, na addini ne ko na harshe, suna da 'yancin kafa cibiyoyin ilimi da suka ga dama da kuma gudanar da su. Kalmomin nan biyu, kafawa da gudanarwa, su ne aka shafe fiye da rabin ƙarni ana jayayya a kansu, kuma Jami'ar Musulmi ta Aligarh ce fagen jayayyar.

Asalin jami'ar makaranta ce da Sir Syed Ahmad Khan ya assasa a 1875, daga baya dokar majalisa ta 1920 ta mayar da ita jami'a. A shari'ar Azeez Basha ta 1967, alƙalai 5 na Kotun Ƙoli sun yanke cewa tun da doka ce ta samar da jami'ar, ba Musulmi ne suka kafa ta ba, don haka ba su da hurumin neman gudanar da ita a ƙarƙashin sashe na 30. A kan wannan hukunci na ɗora babina kacokan. Na yi jayayya a shafuka masu yawa cewa kariyar tsiraru a Indiya ta tsaya ne a makarantu da kwalejoji, domin duk cibiyar da ta nemi zama jami'a dole ta bi ta hannun doka, da zarar ta bi kuwa ta rasa matsayinta. Hujjar ta yi mini daɗi ƙwarai, har na riƙa karanta wa abokan karatuna ita.

Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya bar ni na gama bayani tsaf, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam, yaushe rabonka da duba matsayin Azeez Basha?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne hukuncin da ake aiki da shi." Bai ɗaga murya ba, ya dai sanar da ni cewa tun ranar 8 ga Nuwamba, 2024 aka soke shi.

A ranar, alƙalai 7 na Kotun Ƙoli, da rinjayen 4 a kan 3, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai D.Y. Chandrachud wanda ke gab da yin ritaya, sun ce shigar da cibiya cikin doka ba ya shafe asalin waɗanda suka kafa ta. Abin dubawa shi ne daga wa tunanin ya fito, don amfanin wa aka yi, su wane ne kuma suka nemo kuɗi da fili suka tsaya har abin ya tabbata. Wato ainihin ginshiƙin da na jingina babina da shi ne aka tumɓuke, watanni kaɗan kafin in tsaya gaban kwamiti ina kare shi da ƙarfin gwiwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, alamar tana cikin kundina da kaina. A wani ɗan bayani na ƙasan shafi na rubuta cewa majalisa ta gyara dokar jami'ar a 1981 don maido mata da matsayin tsiraru, cewa Babbar Kotun Allahabad ta yi watsi da gyaran bayan rigimar ware rabin guraben karatun likitanci na gaba da digiri ga Musulmi a 2005, kuma a 2019 an miƙa batun ga zaman alƙalai 7. Na rubuta wannan da hannuna, na wuce, ban taɓa tambayar kaina abin da ya biyo baya ba. Littafin da na dogara da shi an buga shi kafin hukuncin, ni kuma na ɗauke shi tamkar ba a ƙara yin komai ba bayan bugunsa. Duk wanda ke nazarin shari'ar Indiya ya kamata ya riƙa ƙirga alƙalai, domin zaman alƙalai 7 na iya rushe abin da 5 suka gina, kuma duk inda ya ga an ce an miƙa batu ga zama mafi girma, to ya sani hukuncin da ke hannunsa yana tsaye ne da ƙafa ɗaya.

An ba ni makonni in gyara, sai gaggawa ta sake jefa ni wani ramin. Na karanta kanun labarai, na rubuta cewa kotu ta tabbatar wa Aligarh matsayin cibiyar tsiraru. Malamar da ke duba aikina ta ja layi a ƙarƙashin jimlar, ta rubuta a gefe cewa in je in karanta hukuncin da kansa. Da na karanta sai na ga kotun ta shimfiɗa ma'auni ne kawai, ta bar wa ƙaramin zama ya auna jami'ar da shi ya yanke. Kuskure biyu ke nan a kan shari'a ɗaya, kuma dukansu daga karanta abin da wani ya faɗa game da hukunci suka fito.

Bayan haka na bi kowace shari'a da na ambata ɗaya bayan ɗaya. T.M.A. Pai ta 2002, wadda alƙalai 11 suka zauna a kanta, tana nan daram, kuma ita ce ta ce jiha ake dubawa wajen tantance tsiraru, ba ƙasa baki ɗaya ba. Amma a nan ma na gano na ambaci ƙa'idar kashi 50 cikin 100 ta shari'ar Kwalejin St. Stephen's, wadda ta ce makarantar tsiraru mai karɓar tallafin gwamnati kada ta ware wa mutanenta fiye da rabin guraben karatu, kamar dutse ce da ba ta motsi, alhali T.M.A. Pai ta sassauta ta, ta bar wa jihohi su tsayar da kason da ya dace ga makarantun tsiraru masu karɓar tallafin gwamnati, tare da la'akari da sashe na 29 da ya hana a ƙi ɗalibi a irin waɗannan makarantu saboda addininsa ko harshensa kawai. Wannan kuskuren kuwa, mai jarrabawa bai ma kai gare shi ba.

Babi na huɗu da na miƙa a ƙarshe ya fi na farko gajarta da kusan rabi, kuma ya juya wa hujjata ta asali baya gaba ɗaya. Tsohon babin yana nan a kwamfutata ban goge shi ba, kuma a saman shafinsa na farko na rubuta 8 ga Nuwamba, 2024.