Kafin ka haɗa kwamfutar tebur a Kaduna, fara da maganar wuta

Duk saurayin da ya zo min da maganar haɗa kwamfuta tambayarsa ɗaya ce, wai wane katin girafik (mai fitar da hoto a monita) zai saya, RTX 3060 ko 4060, kuma kesin, wato akwatin kwamfutar, mai fitilu kala-kala nawa yake. Da wuya ka ji wanda ya fara da pawa fak, wato na'urar da ke karɓar wuta ta raba wa sauran kayan kwamfutar, alhali a garin nan shi ne abu na farko da ya kamata ka kashe wa kuɗi. Wallahi abin yana damuna, don yaran nan da ƙyar suke tara kuɗin, wasu ma sai sun sayar da waya.

Ɗan'uwa, ka san yadda wutarmu take, yanzu ta yi ƙasa fanka na juyawa da ƙyar, an jima a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, ga janareta a tsakani. Duk wannan hawa da saukar pawa fak ne ke fara karɓarsa, in mara suna ne wanda aka rubuta wa wat 600 amma ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, ranar da zai ƙone yana iya tafiya da madabod (babban bod ɗin da ake jona duk kayan a kansa) da katin girafik gaba ɗaya. Nemi na kamfanin da aka sani irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama, wat 550 zuwa 650 ya ishi yawancin masu farawa. In na hannu ne wanda ya shigo daga Amurka to juya bayansa ka duba, tsofaffin suna da ɗan jan maɓalli na 115 da 230, mu nan 230 muke, in yana kan 115 ka jona shi sai dai ka ji fas da ƙauri.

Sannan sitabilaiza da UPS (mai batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) su shiga cikin lissafi tun farko, ba sai abin da ya rage ba. Ƙaramin UPS ɗin nan na 650VA da ya cika shaguna bai kai wat 400 ba a zahiri, zai riƙe kwamfutar ofis amma mai katin girafik tana cikin gem zai iya sakinta. Mai inbata a gida kuma ya tabbatar nasa pure sine wave ne, wato mai ba da wuta irin ta NEPA, wasu sababbin pawa fak ba sa shiri da wanda ba shi ba.

To sai dacewar kaya. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da madabod dole soket ɗinsu, wato mazaunin furosesa a kan bod, ya zo ɗaya. Kamfanin AMD na da soket ɗin AM4 mai aiki da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) nau'in DDR4, da AM5 da ya fito a 2022 wanda DDR5 kawai yake karɓa. Intel LGA1700 kuwa akwai bod na DDR4 akwai na DDR5, kuma RAM ɗin biyu ba sa shiga ramin juna, don haka karanta kwalin kafin ka biya, musamman in daga Computer Village na Ikeja za a aiko maka, mayarwa wahala ce. Tsohon bod na B450 yana iya ƙin tashi da Ryzen 5000 sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, ka sa mai shago ya gwada a gabanka. Haka in za ka sayi tsohuwar furosesa don sauƙi ka tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 daga Intel zubi na 8 take farawa a hukumance.

Wanda ya fi kama mutane shi ne harafin F. Furosesar Intel irin i5-12400F ba ta da girafik a cikinta, haka Ryzen 5 5600, sai 5600G ce mai shi. Mutum ya saya da niyyar zai ƙara kati daga baya in kuɗi sun samu, ya kunna, monita baƙi ƙirin. Wani kuma yana da katin amma ya soka HDMI a madabod maimakon a jikin katin.

Wajen haɗawa ba a gaggawa kuma ba a ƙarfi. Furosesa tana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe, daidaita ta da ta soket, da kanta za ta zauna, in ka ga sai ka danna to ba daidai take ba, kuma fil ɗaya ya lanƙwashe an shiga uku. Cire ledar da ke manne a ƙasan kula (abin sanyaya furosesa) kafin ka ɗora, man tamal fes da ake sawa tsakaninta da furosesa kuma kamar ƙwayar wake ya isa. RAM biyu a bod mai rami huɗu galibi rami na biyu da na huɗu ake sa su. Kar ka manta da ƙananan ƙafafun ƙarfen da ke ɗaga bod daga jikin kesin, da wayar fil 8 ta furosesa can sama a kusurwa, ita ce aka fi mantawa. Lokacin hunturu jiki na tara wuta saboda bushewar iska, irin wadda kake ji in ka taɓa ƙofar mota, to taɓa ƙarfen kesin kafin ka ɗauki RAM ko kati, kuma kada ka haɗa a kan kafet.

Ƙura kuwa mu da ita sai haƙuri, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba inda ba ta shiga, tana wucewa zafin Maris da Afrilu ya karɓa, a lokacin ne kwamfutar da fankokinta suka toshe take fara kashe kanta. Zaɓi kesin mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, ya fi mai gilashi ta ko'ina amfani nesa ba kusa ba. Ɗora ta a tebur kar ka ajiye a ƙasa. Duk wata biyu ko uku cire wuta, fitar da ita tsakar gida ka hure da buluwa, amma riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima, kuma kada ka sa tsumma mai ruwa ko kaɗan.