Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Baƙo raɓa ne

Wancan makon na tsaya a inda Baba ya sayar da rumfarsa ta goro a kuɗin da ko huhu biyu ba za su saya ba. Har yau idan na ba da labarin nan sai wani ya ce to me ya hana shi neman takarda ya yi zamansa? Takardar me fisabilillahi? Mutumin da a Kumasi aka yanke masa cibiya, ubansa tun yana saurayi ya bi fatake zuwa Salaga daga can ya gangaro, kabarinsa ma can yake. Dokar Busia, firaministan Gana na lokacin, ta fito 18 ga Nuwamba 1969, sati biyu kacal aka bayar, duk baƙon da ba shi da izinin zama ya tattara, kuma kafin a ba ka izinin sai ka kawo fasfo na ƙasarku, wato Najeriya, ƙasar da Baba bai taɓa takawa ba, ga ta ma tana tsakiyar yaƙin basasa a lokacin.

Hajiya Kaka dai ko a jikinta, tana ɗaure kwanukanta tana cewa ai dama baƙo raɓa ne. Tun muna unguwar Aboabo a Kumasi take faɗin haka in an yi rigima da masu ƙasa, Baba ya tsani maganar nan, ya ce wa ye baƙon? Ranar kam bai tanka ba.

Wadda aka fi cuta mahaifiyarmu Mma ce kuma ba wanda yake lissafa ta. Ita fa 'yar Dagomba ce daga Yendi, dokar ba ta shafe ta ba ko kaɗan, yayyenta sun zo har gida suka ce ta zauna da mu yaran a bar Malam ya je ya ga yadda can ɗin take, ta ce ƙafarta ƙafar mijinta. Muka bi ta Aflao, Lome, Kwatano, a bayan babbar mota sama da kaya, sai Legas, sai jirgin ƙasa zuwa Kano. Abin da na riƙe a hanyar ƙishirwa ne da kukan ƙanwata, shi ke nan.

To mun zo gida ko? Haka Baba ya dinga faɗa a jirgi, mun kusa gida. Baffa, wato ɗan wan Kakanmu, ya karɓe mu da fara'a, aka yi mana tuwo, aka ba mu shagon ƙofar gida mu duka. Da Baba ya ɗan taɓo maganar rabon ubansa a gidan, a gaban mutane Baffa ya ce, “Malam, ku 'yan Gwanja kun ci naku a can.” Wallahi ina zaure ina ji. Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, 'ya'yan Baffa kuwa na san suna karanta wannan, ba gori nake ba amma ku tambayi manyanku wa ya yi ɗawainiyar asibitinsa a ƙarshe.

A Kumasi mu 'yan Najeriya ne, a Kano mu 'yan Gana ne. Makarantar allo ma ban tsira ba, da na buɗe baki yara sun fashe da dariya don Hausarmu ta zango ba ruwanta da mace ko namiji, sai da na yi watanni ina magana a ciki-ciki. Mma kuwa matan gidan ba su taɓa kiranta da sunanta ba, “ta Gwanja” kawai, ita da ba ta haɗa komai da Gwanja ba. Salla ɗaya, azumi ɗaya, ta fi su karatu ma don ita ke biya wa 'ya'yansu, amma in ana shawarar biki sai a yi shiru in ta shigo. Alhali maƙwabciyarmu Ba'asantiya mai zuwa coci, ita ta ɓoye mata keken ɗinkinta, bayan shekaru ta aiko mata da kuɗinsa ta hannun masu goro, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Wannan ne ya sa a Janairun 1983 da gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takarda su fita, su ma sati biyu, na kasa shiga murnar da ake yi a kasuwa ana cewa an rama. An rama wa wa? Teloli da malaman makaranta na gani da jakunkunan nan masu zane suna neman mota, ba Busia ba, shi tun 1972 sojoji suka kifar da shi. Ranar Mma ba ta fito tsakar gida ba, tsoro take kar wani ya nuna ta, mace mai 'ya'ya a Kano har da jika. Kaka tana kwance ba lafiya ta sake cewa baƙo raɓa ne, na ce Hajiya to mu a ina ne ba raɓa ba? Ta ce in bar ta ta ji da ƙafarta.

Na yi gaba da yawa, ban ma faɗi yadda Baba ya koma goro da bashin wani Bayarabe da suka fito mota ɗaya ba, wanda shi ya yarda da shi lokacin da jininsa suka ƙi. Amma bari in ƙarasa wannan tunda ta taso: da babban ɗana ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, ma'aikacin ya ga an rubuta Kumasi a wajen haihuwata sai ya ture fayil ɗin ya ce a kawo mai unguwa ya yi shaida. Mai unguwar kuwa jikan Baffa ne. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.