Abin da na koya kan injin zuƙe iska kafin na bar shagon haɗa jita

Na bar shagon, kuma ba faɗa muka yi ba, sallama na yi wa maigida na kwashe kayan aikina. Tunda 'yan'uwa masu wannan sana'a suna ta tambayata ko su ma su sayi injin bakyum, wato injin zuƙe iska, gara na rubuta abin da na gani da idona, wanda zai amfana ya amfana.

Lokacin da injin ya shigo shagon kowa murna yake, ni ma haka. Duk wanda ya taɓa manna jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke zama a kai, a fuskar jita da kilam, ƙarfen matse katako, ya san wahalar, ka zura kilam uku ta ramin sauti, ka sa katakon tokari a ciki yadda ba zai hau kan haƙarƙari ba, wato siraran katakon da ke ƙarfafa fuskar ta ciki, gam na gudu kana gudu, jakin kuma yana silɓewa daidai lokacin da ka fara matsewa. Da bakyum kuwa firam ne kawai mai roba, ka kifa a kan jakin, ka kunna famfon zuƙe iska, robar ta lafe ta danne ko'ina daidai wa daida, bayan kamar minti 10 ka ɗaga ka goge gam ɗin da ya fito tun bai bushe ba ka mayar. Aiki mai tsabta wallahi, ba tabon ƙarfe a jikin katako, kuma har yau ina son shi.

Matsalar daga maigida ta fara. Shi a ganinsa tunda an sayi inji to an gama da zancen gyaran ƙasan jaki. Fuskar jita ba a shimfiɗe take ba, mun sani, tana da ɗan tudu, yawancin masu bin tsarin kamfanin jita na Martin suna ba ta lanƙwasa irin ta da'irar da daga tsakiyarta zuwa gefe ƙafa 28 ne ko kusa da haka, shi ya sa dole ka liƙa sanfefa a kan fuskar ka goga ƙasan jakin a kai har sai ya zauna ba tare da ka danna ba, ka leƙa ba ka ganin haske ta gefe. Wannan aikin yana cin lokaci, shi kuma oda ta yi masa yawa, sai ya ce na daina ɓata lokaci, injin zai lanƙwasa shi. Na ce masa maigida injin nan ba shi da ƙarfin da kake zato. Ya ce kai yaro yaushe ka fara sanin inji, kai ka saye shi?

To ga lissafin da na so ya tsaya ya ji. Injin ba ya danna komai, iskar da ke tsakani kawai yake cirewa, nauyin iskar duniya ne yake yin dannin, kuma wannan nauyin yana da iyaka, kusan kilo 1 ne a kan kowace santimita murabba'i, wato 14.7 psi a ma'aunin ƙarfin danni, a bakin teku, ko ka sayi famfon da ya fi kowanne tsada ba za ka wuce nan ba. Famfunan da muke amfani da su ma ba sa kaiwa, gejin da ke auna zuƙar da inci kan tsaya tsakanin 20 zuwa 25 cikin kusan 30 da ke cikakkiyar zuƙa, in kuma shagonka a kan tudu yake to duk mita 300 da ka hau sama ka rasa wajen inci 1. Ƙasan jaki bai fi santimita murabba'i 40 da ɗoriya ba, ka ga kenan dannin da yake samu kilo talatin da wani abu ne, sai ɗan ƙarin da robar ke jawowa daga gefe. Masu yin gam na Titebond kuwa abin da suke ba da shawara ga katako mai tauri 175 zuwa 250 psi ne, ya ninka abin da bakyum zai iya fiye da sau 10. Wannan bai hana bakyum manna jaki da kyau ba, dubban jitoci an yi su haka kuma suna nan lafiya, amma da sharaɗin katakon biyu sun riga sun haɗu tun kafin a shafa gam. Kilam na ƙarfe yana iya tilasta eboni ko rozwud ya ɗan bi, ya rufa maka asiri, bakyum ba ya yin wannan, inda ka bar rata nan gam zai taru ya bushe da kauri, gam mai kauri kuma ba ƙarfi ne da shi ba.

Sannan tsirkiyoyin ƙarfe guda 6 suna jan jakin nan da wajen kilo 70 dare da rana, suna neman ɗaga bayansa. Ba a rana ɗaya abin ke nunawa ba, shi ya sa da farko ya zama kamar shi ne da gaskiya, jitoci suna fita da wuri yana ta yabon injinsa. Da zafi ya shigo sai suka fara dawowa, bayan jakin ya ɗaga har takarda na shiga. A gaban mai jitar ya juyo ya ce yaron nan ne bai iya shafa gam ba.

Wannan maganar ita ce har yanzu ban iya haɗiyewa ba. Na yi shiru saboda ba tarbiyyata ba ce na ƙaryata babba a gaban baƙo, amma da na cire jakin da wuƙa mai zafi na kai masa har tebur na nuna masa, tsakiya ga zaren katako ya biyo gam alamar ya kama, fikafikan jakin biyu, wato gefunansa, kuwa gam ne kawai mai sheƙi wanda bai taɓa haɗuwa da fuskar ba. Duk wanda ya yi shekara a sana'ar nan in ya ga wannan ya san ba shafawa ba ce, zama ne bai yi ba. Ya kalla ya ajiye ya ce na je na gyara, kuma gyaran a lokacina na yi shi bayan an tashi. Daga baya da kansa ya dawo da dokar goga ƙasan jaki, ya tara mu yana koya mana kamar shi ya gano, ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Laifi tudu ne dai. Ban ce ban koyi komai a hannunsa ba, hannunsa na da kyau a sassaƙar wuya kuma shi ya koya min wasa kurfi, wannan ba zan taɓa musu ba, sai dai in yaronka ya zo maka da lissafi to ka duba lissafin kafin ka duba shekarunsa, in kuma ba za ka iya ba aƙalla kar ka ɗora masa abin da ka san umarninka ne a gaban mutane.

Inda bakyum ya fi ƙarfi shi ne inda fili yake da faɗi. Fallen katako mai santimita 40 da 50 a cikin jakar bakyum yana samun danni wajen tan ɗaya da rabi, a ko'ina daidai, babu kilam ɗin da zai ba ka haka. Shi ya sa masu yin fuska mai ninki biyu irin ta Matthias Dammann da Gernot Wagner na Jamus, wadda ake sa Nomex mai kamar saƙar zuma tsakanin siraran katako biyu, suka dogara da shi, haka masu ninka gefuna. Manna haƙarƙari a cikin kwanon lanƙwasa ma yana yi sosai, ko gicciyen Martin ne ko irin na Torres, tsohon mahaɗin jita na Sifen, mai kamar mafici, duka a lokaci ɗaya, ba sandar da za ta tsalle ta huda maka fuska kamar yadda sandunan tokari ke yi wani lokacin. Sai dai ka sa musu abin da zai hana su kwanciya ko gocewa lokacin da robar ke saukowa, don tana ja ta gefe kafin ta lafe.

Riƙe aiki kuma wani babi ne da nake jin tsoro a kai. Faifan bakyum yana riƙe gangar jita ta baya ka juya ta yadda kake so kana kankare gefe, abin daɗi, amma bayan nan kaurinsa bai kai milimita 3 ba, in faifan a shimfiɗe yake ko ya faɗa tsakanin haƙarƙari ka ba shi cikakken ƙarfi zai iya lotsa shi ko ya tsaga, ka rage ƙarfin kuma ka sa faifai mai bin lanƙwasar. Riƙon yana da ƙarfi in sama za ka ja, ta gefe kuwa silɓewa yake, kuma ƙaramin abu kamar jaki ko murfin kai ba shi da filin da zai kamu sosai, rauta, injin yankan katako mai juyin dubu 20 a minti, in ta fizge shi ba ka da lokacin janye hannu. Ni ban yarda na yanka ƙaramin abu a kan bakyum kaɗai ba sai da fil ko shinge.

Sauran ƙanana ne. Ka sa tanki da bawul mai hana iska komawa, don in wuta ta ɗauke kar gangar ta faɗo ƙasa. Idonka a kan geji ba a kan ƙarar famfo ba. Siririn katako yana shan iska ta jikinsa, mahogani ya fi, ramukan fil ɗin tsirkiya kuma a toshe su da tef ta ciki. Fentin naitiro da bai gama bushewa ba robar gefe tana bar masa zobe. Ka sa tacewa kafin famfo saboda ƙura da danshin gam. In gam ɗin fata kake amfani da shi, wanda ake dafawa a digiri 60, ka ɗumama katakon ka gwada komai a bushe tukuna, don kafin minti ɗaya ya fara daskarewa kuma bakyum ba zai iya matse daskararren gam ya fito ba.

A ɗan teburin da nake haɗawa yanzu famfon na cikin abubuwan farko da na saya, ƙarami ne mara ƙara, da tanki. Kilam ɗina na jaki ma suna nan rataye, don jitar da aka kawo gyara wadda fuskarta ta riga ta kumbura a bayan jaki ba kullum firam ke zama a kanta ya riƙe iska ba, irin wannan da hannu nake matse ta.