Tarbiyyar ƙaramar karya a gidan haya a Agege

Duk wanda ya ga 'yar karyata Gyaɗa sai ya miƙo hannu zai ɗauke ta, ni kuwa sai in ce a bar ta ta taka ƙasa. Jinsin Pomeranian ce, ko ta gama girma da ƙyar za ta wuce kilo 3. A nan matsalar irin waɗannan karnuka take. Mutane na mai da su abin wasa, a saɓa a kafaɗa, a ɗora a cinya, ba a koya musu komai. In babban kare ya yi gurnani, nan take mai shi zai tashi tsaye. In ƙarami ne sai a yi dariya, har ranar da zai cafki yatsan yaro.

Ni 'yar Kafanchan ce, da karnuka muka tashi. Amma gidan da nake haya a nan Legas ɗakuna ne a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma maƙwabtana Kanawa ne da Katsinawa. Kafin in karɓo ta na je na gai da dattijon gidan, na faɗa masa niyyata. Ya ce, "'Yata, in dai ba za ta taɓa mana buta da tabarma ba, ba ta sa baki a kwanonmu ba, babu damuwa." Na ce, "Na ɗauki alkawari, Baba."

Saboda haka kalmar farko da ta koya ita ce "bari". Na sayi buta, na shimfiɗa tsohuwar tabarma a ɗakina. Da zarar ta nufe su sai in ce "bari", sau ɗaya, ba tsawa. In ta juyo ta dube ni, sai in miƙa mata guntun dafaffen naman kaza kamar ƙwayar masara. Sirrin yana ga saurin hannu: in ladan ya makara, ba za ta san abin da aka saka mata a kai ba. Minti 3 zuwa 5 ya isa, domin hankalin kwikwiyo ba ya zama wuri ɗaya. Duka kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Karen da ake duka tsoron hannu yake koya, kuma mai tsoro shi ne mai cizo.

Fitsari ya fi cin lokaci. Mafitsararta ƙarama ce, a wata biyu ba ta iya riƙewa fiye da kamar awa biyu. Ta farka, ta ci, ta gama wasa, sai in kai ta wuri ɗaya tak a bayan ɗaki. Da damina, in ruwa ya kwanta a tsakar gida, ba ta sauka, don irin ruwan nan na ɗauke da fitsarin ɓera mai sa cutar da ke lalata ƙoda da hanta.

Abinci kaɗan-kaɗan nake ba ta, sau huɗu a rana tana 'yar ƙarama. Ƙananan jinsi sukarin jininsu na saurin faɗuwa. In ka ga kwikwiyo na tangaɗi ko rawar jiki, ka shafa masa zuma a dasashi, ka garzaya wurin likitan dabbobi. Na kuma roƙi yaran gida kada su jefa mata tsire saboda albasa, kada su ba ta cakulan, manya kuma su kula da ɓallin goron da ke faɗuwa ƙasa. Dukkansu guba ne ga kare, balle mai wannan ɗan jiki. Igiya ma ba na ɗaura mata a wuya, ɗamarar ƙirji take sawa, domin maƙogwaronsu ba shi da ƙwari.

Lokaci ɗaya ne na yarda da ɗauka. Kafin ta kammala allurar rigakafi a wajen mako 16, ƙafarta ba ta taɓa titi ba, saboda cutar fabo, mai amai da gudawar jini, tana kashe 'yan kwikwiyo sosai. Sai dai a daidai waɗannan makonnin ne kare ke sabawa da duniya, in sun wuce abin ya yi wuya. Sai in sa ta a jaka, kai a waje, mu bi ta gadar Pen Cinema, ta ji hon ɗin motocin haya na danfo, ƙarar janareto, da jirgin ƙasa in zai wuce. Duk ƙarar da ta ji ba ta firgita ba, da ladanta.

Yanzu haushi muke fama da shi. Takun masu fita sallar asuba na tayar da ita, kuma bai kamata mutum ya fito ibada kare na yi masa haushi ba. Nakan riga su tashi, in zauna kusa da ita da naman a hannu. Ƙofa ta buɗe ta yi shiru, ta samu. Ta yi haushi, in kau da kai. Takun Baba ta riga ta saba da shi, saura na samarin ɗakin ƙarshe masu jan silifa.