Tafiyata Zuwa Sapporo da Saukar Dusar Ƙanƙara

A watan Fabrairu na sauka a filin jirgin sama na New Chitose da ke tsibirin Hokkaido a arewacin Japan, na shiga jirgin ƙasa zuwa birnin Sapporo, tafiyar kimanin minti 40. Ƙanƙarar da na sani a gida ita ce wadda take faɗowa da damina tana dukan rufin kwano kamar ana jifa da tsakuwa, saboda haka da na fito daga tasha na tarar da sama tana zubo da farin abu ba tare da ƙara ba, sai na tsaya cak, har na manta da sanyin da ke cin kunnuwana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne nawar wannan dusar ƙanƙara wajen sauka. Babban ɗigon ruwan sama yana iya gudun mita 9 a daƙiƙa guda, ita kuwa wajen mita 1 take yi, tana lilo kamar audugar rimi. Na tara hannun rigata na ƙura wa ƙwaya ɗaya ido, sai na ga ashe 'yar tauraruwa ce mai rassa shida. Ba ruwan sama ba ne ya daskare a hanya; tururin da ke cikin gajimare ne yake daskarewa kai tsaye a jikin ƙwayar ƙura, yana ta yin rassa, har ta yi faɗi alhali ba ta da nauyi, shi ya sa iska take tare ta tana rage mata gudu. Lallai wanda ya fara kiranta dusa ya iya kallo.

Washegari na taka zuwa Jami'ar Hokkaido, inda aka kafa dutsen tunawa da aikin Ukichiro Nakaya, masanin da ya fara ƙirƙirar wannan ƙwaya a ɗakin gwaji a 1936, a kan silin gashin zomo. Shi ya nuna cewa sanyi da laima ne suke yanke siffarta: a wajen digiri 15 ƙasa da sifili ake samun masu rassa, a wajen digiri 5 ƙasa da sifili kuma masu kama da allura.

Da yamma na koma masauki a ƙafa, motoci suna wucewa amma da ƙyar nake jin su, domin sabuwar dusar da ta kwanta yawancinta iska ce a tsakanin ƙwayoyi, kuma ramukan nan suna shanye sauti. Ƙarar takalmina kaɗai ta raka ni har ƙofa.