Kasko ashirin da uku tsakanin Helene da Milton

A nan gaɓar yammacin jihar Florida, kusa da birnin Tampa inda nake zaune da iyalina, lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa ne ranar 1 ga Yuni ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba. Ga mai kiwon bonsai, wato bishiyar da ake rainonta a kasko mara zurfi ana datse mata rassa da saiwoyi har ta tsufa ba ta wuce tsawon hannu ba, waɗannan watanni suna da wata matsala ta daban. A cikin zafin nan ne ake sauya wa bishiyoyin ƙasashe masu zafi ƙasa da kasko, don haka guguwa takan riski wasunsu tun saiwoyinsu ba su gama kama sabon wuri ba. Ina da kasko ashirin da uku, kuma a kakar 2024 na koyi abin da shekaru bakwai na karance-karance ba su koya mini ba.

Guguwar da aka sa wa suna Helene ce ta fara zuwa, ranar 26 ga Satumba. Ta wuce mu can nesa a cikin teku kafin ta faɗa yankin Big Bend da ke arewa, saboda haka iskar da muka samu ba ta kai yadda aka ji tsoro ba. Na bi ƙa'idar da kowa ya sani, na sauke kaskona daga kan benci na jera su a ƙasa jikin bangon gida, domin kaskon da aka bari a sama yakan zama jifa idan iska ta ɗauke shi. Gidanmu yana kan ɗan tudu, sai muka tsira. Amma wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ta masu kiwon bonsai da ke zaune dab da ruwa ya bi wannan ƙa'idar sak, ita ce kuma ta cuce shi. Tekun ya tumbatsa cikin dare ya shiga unguwarsu, kaskonsa da ke ƙasa suka kwana cikin ruwan gishiri. Iska tana cewa ka sauke, ruwa yana cewa ka ɗaga, kuma ba wanda zai raba maka gardamar sai sanin tsayin filin gidanka da taswirar ambaliya ta yankinku.

Washegari mu huɗu muka je gidansa da tiyo da bokitai. Aikin shi ne a yi ta kwarara ruwan daɗi a kowane kasko har ya riƙa fita ta ramukan ƙasa, a dakata kaɗan, a sake, domin gishirin da ya zauna a ƙasa yana janye ruwa daga saiwa, sai bishiya ta mutu da ƙishirwa alhali tana jiƙe sharkaf. Bishiyoyinsa na buttonwood, waɗanda asalinsu a bakin teku suke fitowa tare da itatuwan fadamar gishiri, ko gezau ba su yi ba. Wasu irin kuwa cikin mako guda ganyensu ya yi ja ya zube, kuma akwai wadda ya shekara fiye da ashirin yana lanƙwasa ta da ba ta sake tohowa ba.

Kwana goma sha uku bayan Helene, guguwar Milton ta iso. Ta kai mataki na biyar, wato mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa, a tsakiyar teku, sannan ta sauka kusa da Siesta Key, kudu da Tampa, da daren 9 ga Oktoba tana mataki na uku. Cibiyar lura da guguwa ta ƙasa da ke Miami takan ba da sanarwar shiri awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara, gargaɗi kuma awa 36, amma wanda ya jira gargaɗi kafin ya fara ɗaukar kasko ya makara, domin a lokacin akwai tagogi da za a rufe da layin mai da za a bi. Na shayar da kowace bishiya sosai, na duba wayar da ta ɗaure saiwa da kasko ta ramukan ƙasa, sannan na kwashe su zuwa gareji, ƙananan a kan kanta, manyan a kan bulo. Da uwargida ta ga na bar mota a waje don bishiyoyin tsamiya da kariya su sami wuri, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, motar ce dai za ta kai mu asibiti idan wani abu ya faru, ba tsamiyar ba." Gaskiyarta ce. Na matsa kaskon, wasu suka koma banɗaki, motar ta shiga.

Tsamiyar nan da kariyar su ne na fi ji da su, ko da yake ba su ne mafi kyau ba. Mutanen nan suna saye su da tsada a matsayin baƙin itatuwa, ni kuwa a gindin tsamiya na yi wasan ƙasa, kuma na san kariya tun tana shingen gona. Duk sanda aka yaba su a taro sai in yi murmushi kawai.

Abin da ban shirya masa ba shi ne kwanakin da suka biyo baya. Milton ta yaye rufin filin wasa na Tropicana a St. Petersburg, ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan uku ba wutar lantarki, namu ma yana ciki. Ƙasar bonsai ba irin ƙasar lambu ba ce. Tsakuwa ce ta dutse mai aman wuta da ƙwayoyin yumɓun akadama, an haɗa ta musamman don kada ta riƙe ruwa da yawa, saboda haka a rana mai zafi tana bushewa cikin yini ɗaya. Famfon rijiyar da nake ban ruwa da shi da lantarki yake aiki. Duro biyu na cika, kuma ban yi lissafin cewa gida ma zai ci daga ciki ba. A rana ta uku da kofi nake auna wa kowane kasko rabonsa. Ga kuma babbar bishiyar maƙwabcinmu da ke yi wa bencina inuwa da yamma, rabinta ya karye, sai bishiyoyin da suka kwana uku a duhun gareji suka fito cikin rana tsirara. Ganyen biyu daga cikinsu ya ƙone, kuma laifina ne, don da na fara ajiye su ƙarƙashin rumfa na kwana biyu da hakan bai faru ba. Taki kam ban sa ba, domin bishiyar da ta galabaita ba a ɗora mata abinci sai ta nuna sabon toho.

Ƙungiyarmu, wadda ɗaya ce daga cikin ƙananan ƙungiyoyi da dama da ke faɗin jihar, tana zama sau ɗaya a wata. Yawanci akan gayyaci gwani ya gyara bishiya a gaban jama'a, ko a yi gwanjon kasko da tsirrai don a tara kuɗin hayar ɗaki, wani lokaci kuma a shirya tafiya ganin tarin bonsai na lambun Morikami a Delray Beach ko na Heathcote a Fort Pierce. Zaman da ya biyo bayan Milton an ajiye duk wannan. Kowa ya zo da abin da ya karye masa, aka jera a kan tebur kamar layin asibiti. Wata mata ta kawo bishiyar juniper, mai siraran ganye kamar allura, da babban reshenta ya tsage, tana shirin yanke shi daga tushe, sai dattijon nan da ya yi asara ya hana ta. Ya ɗauki filaya ya ɓare ɓawon reshen, ya yayyage bakinsa har ya yi kama da wanda tsawa ta faɗa wa, dabarar da Japanawa ke kira jin, ya ce ta bari ya bushe kafin ta shafa masa ruwan farar wuta da ke sa itace ya yi fari ya kuma jinkirta ruɓewa.

A wannan zaman aka rubuta sunayen waɗanda gidajensu ke kan tudu kuma suke da wuri a gareji, da waɗanda ke da a-kori-kura, domin a kwashe bishiyoyin mazauna bakin ruwa tun ranar da aka ba da sanarwar shiri. Na sa sunana a kan kasko goma, bayan na tambayi uwargida. Na kuma ƙara duro biyu, na sayi ragar inuwa na naɗe ta a bayan ƙofar gareji.